Kantin maganin da ke tambayar jadawalin lacca kafin ya miƙa ƙwaya

A bakin titin Sakkwato da ya ratsa Samaru, daga babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello har zuwa kasuwa, ba a rasa wurin sayen magani, kuma galibin wuraren tsarinsu ɗaya ne: mutum ya faɗi abin da ke damunsa, a ƙirga masa ƙwayoyi a ƴar leda, ya biya ya kama gabansa. Kantin da nake son yin bayani a kansa yana wannan yanki, amma ba zan ambaci sunansa ba, domin akwai yabo a cikin abin da zan faɗa, akwai kuma suka. Cikakken famasi ne mai rajista da hukumar kula da harkar harhaɗa magunguna ta ƙasa, wato PCN, takardarsa tana manne a bango, kuma wata ƙwararriyar mai harhaɗa magunguna ce ke riƙe da shi, wadda kowa ke kira Hajiya. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin lasisin da ake ba kemis na unguwa bai wuce sayar da ƙananan magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ba, kuma ba a wajabta wa mai shi karatun ilimin magunguna a jami'a ba.

Abin da ya sa nake ganin kantin ya cancanci a yi rubutu a kansa shi ne yadda yake ɗaukar gyangyaɗin ɗalibi da muhimmanci. Duk wanda ya yi hunturu a Zariya ya san yadda ƙura ke tayar da atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido, kuma maganin da aka saba miƙa wa mutum shi ne kulofeniramin, wanda aka fi sani da sunan Piriton, ƙwaya mai miligiram 4 da ake sha duk bayan awa huɗu zuwa shida. Magani ne mai araha, kuma yana yin aikin da aka yi shi dominsa. Sai dai yana cikin tsofaffin magungunan da ke toshe aikin sinadarin histamin, waɗanda ke iya ratsawa daga jini su shiga ƙwaƙwalwa, alhali kuwa wannan histamin ɗin da ke sa atishawa a hanci yana cikin abubuwan da ke riƙe ƙwaƙwalwa a farke. Idan aka danne shi a can, ido yakan yi nauyi. An rubuta wannan gargaɗi a jikin kwalin, amma wanda aka ba ƙwaya a leda bai ga kwali ba balle ya karanta. Bugu da ƙari maganin yana daɗewa a jikin babban mutum fiye da yadda tazarar shansa ke nunawa, saboda haka wanda ya sha da daddare yana iya wayar gari da magagi, ya zauna a laccar ƙarfe takwas yana kallon allo ba tare da komai na zama a kansa ba.

Ina cikin masu fama da wannan matsala duk shekara, kuma da na je wurin Hajiya da ƙorafin atishawa ba ta fara da ɗauko magani ba. Ta tambaye ni abin da nake sha a lokacin, da ƙarfe nawa nake sha, da lokacin da nake shiga aji, da ko ina tuƙa babur, da ko akwai jarrabawa a gabana. Bayan haka ne ta ba ni shawarar in koma loratadin mai miligiram 10, sau ɗaya a yini, wanda yana cikin sababbin magungunan wannan rukuni da ba sa shiga ƙwaƙwalwa sosai. Ta kuma yi mini bayanin cewa setirizin ɗan'uwansa ne, amma shi yana sa wasu mutane ɗan barci duk da cewa sabo ne, don haka wanda zai gwada shi ya fara da daddare, kuma kada ya fara a daren jarrabawa. A wurina canjin ya yi amfani ƙwarai, atishawar ta lafa kuma kan ya washe. Ba na cewa haka zai kasance ga kowa, domin jiki ya bambanta, ita ma ba ta yi mini alkawarin komai ba, ta dai ce in dawo in ban ga sauƙi ba.

Inda na fi ganin ƙwarewarta shi ne wajen tono maganin barcin da ke ɓoye a cikin wani magani. Ɗalibi zai rantse cewa ba ya shan komai sai maganin mura, alhali yawancin haɗaɗɗun ƙwayoyin mura suna ɗauke da farasitamol da kulofeniramin a ƙwaya guda, wasu magungunan tari na ruwa kuma suna ɗauke da daifenhaidiramin, wanda ya fi shi kwantar da mutum. Idan ya haɗa biyun, sannan ya ƙara da ƙwayar atishawa, ya sha abu iri ɗaya ta ƙofa uku bai sani ba. Hajiya tana da ɗabi'ar juya kwali ta sa yatsa a kan jerin sinadaran, ta sa mai saye ya karanta da kansa, kuma wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya sake sayen maganin mura ido rufe. Haka na ji tana yi wa wasu ɗalibai mata bayani a kan magungunan buɗe ciki da ake sha domin a yi ƙiba, waɗanda da yawansu saifuroheftadin ne a ciki, shi ma daga wancan tsohon rukuni mai sa barci. Ba ta yi musu faɗa ba, ta dai nuna musu cewa kasalar da suke ɗora wa zafin rana da yawan karatu tana iya kasancewa daga kwalbar da ke cikin jakarsu take fitowa. Maganin tari mai kodin kuwa, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018, ba a ma yin zancensa a kantin.

Akwai kuma iyakar da ba ta tsallakewa, kuma wannan ya ƙara mata daraja a idona. Wani abokin karatuna yana shan kabamazefin saboda farfaɗiya, barcin rana ya dame shi har ya fara tunanin ya riƙa tsallake na safe a ranakun da lacca ta yi yawa. Da muka je tare, ta gaya masa kai tsaye cewa yanke irin wannan magani ko rage shi ba tare da sanin likita ba yana iya dawo da ciwon, kuma ita ba ta da hurumin canza abin da likita ya rubuta. Abin da ta yi shi ne ta sa ya samu ƙaramin littafi yana rubuta lokacin da ya sha magani, da lokacin da barci ya fi danne shi, da awannin da ya yi barci da daddare, ya kai wa likitansa a asibitin koyarwa da ke Shika. Ta bayyana masa cewa nauyin jiki daga wannan magani yakan fi tsanani a makonnin farko ko bayan an ƙara adadi, sannan likita yana da hanyoyin gyara, kamar sauya yadda aka raba adadin tsakanin safe da dare, amma ba zai iya yin haka da kyau ba idan abin da aka kawo masa shi ne kawai "ina jin barci". Irin wannan shawara take ba masu shan amitiriftilin da sauran magungunan damuwa. Kantin da ke neman ciniki kawai da ya sayar masa da maganin ƙarin jini ko na ƙarin kuzari ya sallame shi.

A kan kofi da goro da lemukan ƙarin kuzari, waɗanda su ne makamin ɗalibi idan jarrabawa ta matso kuma ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ya cika, matsayinta tsaka-tsaki ne. Ba ta hana kofi ɗaya da safe, amma tana tunatar da mutum cewa jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabin sinadarin kafeyin mai hana barci da aka sha a cikin kofi, saboda haka wanda ya sha Nescafé a teburin mai shayi bayan magariba ya lalata barcinsa na dare, gobe kuma ya tashi da gajiya biyu, ta magani da ta rashin barci. Ta fi son ƙailula ta kimanin minti ashirin bayan azahar, ba ta awa biyu ba da mutum zai tashi jiki a mace. Ta kuma nanata cewa ba kowace kasala ce ake jingina wa magani ba, domin zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da karatu da yunwa duk suna kawo ta, kuma wanda gajiyarsa ta ƙi tafiya bayan an gyara magani ya je asibitin cikin jami'a a duba jininsa. A watan azumi ma an gaya mini tana zama da masu shan magani kullum su tsara lokutansa tsakanin buɗa-baki da sahur, kada mutum ya haɗiye mai sa barci da asuba sannan ya nufi aji.

Sai dai kantin yana da nakasu, kuma babba daga ciki shi ne rashin sirri. Duk wannan bayani a gaban kantar sayar da magani ake yin sa, mutane suna tsaye a bayanka suna jiran layi, kuma a gari irin Samaru da wuya a rasa wanda ya san ka a cikinsu. Maganar atishawa ba ta buƙatar ɓoyewa, amma farfaɗiya da ciwon damuwa abubuwa ne da har yanzu ake yi wa mutum kallon banza a kansu, kuma na lura abokina yana sassauta murya yana waige-waige. Wurin da ya san darajar hira da majiyyaci har haka ya kamata a ce ya keɓe ɗan lungu, ko da labule ne da kujera biyu.

Nakasu na biyu shi ne duk alherin kantin a wuyan mutum ɗaya yake rataye. Idan Hajiya ba ta nan, musamman da yamma lokacin da yawancin ɗalibai ke samun sukunin fitowa, yaran kanti ne ke wurin. Suna da ladabi, ba sa sayar da maganin da ke buƙatar takardar likita ga wanda bai zo da takardar ba, amma idan ka ce mura sai su miƙo abin da kowa ke miƙowa ba tare da tambaya ba. Farashi kuma ya ɗan ɗara na kemis, kuma loratadin ya fi kulofeniramin tsada a ko'ina, abin da ɗalibin da ke lissafin kuɗin abinci zai ji a aljihunsa, ko da yake ƙwaya ɗaya ce a yini maimakon uku ko huɗu. Ba a karɓar kuɗin shawara.

Ta fuskar ajiya ban ga abin zargi ba. Kantin yana da sanyi ko a zafin Maris da Afrilu, akwai firiji mai aiki da sola, kayan da na duba suna ɗauke da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a fili, kuma ana ba da rasit.

Wanda farasitamol kawai yake nema ba shi da dalilin bin wannan layi. Amma ɗalibin da ke shan magani a kai a kai kuma yake fama da gyangyaɗi a aji, ko yana Samaru ko daga harabar jami'ar da ke unguwar Kongo a Zariya zai hau mota, zuwan ya cancanci kuɗin motar. Ya je da hantsi a ranar aiki lokacin da ita kanta take nan kuma jama'a ba su taru ba, ya tafi da kwalayen duk abin da yake sha, har da na gargajiya da na ƙarin jini, tare da jadawalin laccarsa na mako.