Hattara da mai saida bido wai "ba abin da ke cin shi"

Salamu alaikum ƴan uwa mutanen Damagaram, musamman iyayenmu mata masu haɗa sabulun ruwa da masu gyaran batir, dan Allah ku tura ma kowa.

Akwai wani mutum da ke yawo gida-gida tsakanin Birni da Zango da Sabon Gari, yana kuma cikin gurup-gurup na WhatsApp, yana saida bido da tono yana rantsuwa wai robar Turai ce, ko asid ko sodar haɗa sabulu ko esansi ko dilwan (ruwan tsinka fenti) ba abin da ke taɓa ta. Wallahi ƙarya ce, kowace roba da abin da ke kashe ta.

Ƙanwar mai ɗakina ta sayi nashi ta jiƙa soda a ciki, kun san soda in ta haɗu da ruwa zafi take ɗauka sosai, nan take bidon ya lanƙwashe ya tsage ruwan ya zubo mata a ƙafa, har yanzu tana jinyar ƙuna. Da na juya gindin bidon sai na ga an kankare lambar.

Ku duba ƙasan kowace roba, galibi akwai alama mai kusurwa uku da lamba a ciki mai nuna irin robar. Lamba 1 PET ce, ta buteli na ruwan sha, ba ta jure zafi kuma soda mai ƙarfi na cin ta. Lamba 2 HDPE da lamba 5 PP su ne ke riƙe soda da ruwan batir, ai kwankon batir na mota ma yawanci PP ne, amma su ma in dilwan ya daɗe a ciki sai su yi laushi wari na fita. Lamba 6 kuwa narkewa take cikin esansi.

Abin da ya fi tada mini hankali tono-tonon nan shuɗɗa da yake cewa na ruwan sha ne, ku buɗe ku shinshina, warin maganin ƙwari na gona ne. Roba tana shan maganin nan, wanki da omo ba ya fidda shi duka, ga mu a gari mai wahalar ruwa kowa na neman wajen ajiya, yara su sha ba a sani ba!

Kar ku ba shi ko dala ta abans, in ya karɓa kashe waya yake. Wanda ya riga ya saya kar ya zuba ruwan sha a ciki, ya ɗauki kayan ya kai ƙara komisariya.