Bango Mai Duhu a Gidan Zamani: Fenti, Dutse, Ƙarfe ko Katako?

Ana ƙara ganin gidaje masu bango baƙi ko ruwan toka mai duhu a sababbin unguwannin Abuja, Jos da Kaduna, kuma dalilin da ya sa suke burge mutane a fili yake. Farin gida yakan ɗauke ido tun daga nesa, shi kuwa gida mai duhu yakan saje da inuwar itatuwa da duwatsun da ke kewaye da shi, har koren ganye ya ƙara fitowa a jikinsa. Sai dai yawancin hotunan da ke jan hankalin masu gini daga ƙasashen sanyi suke fitowa, irin su Norway da tsibiran Faro, inda aka daɗe ana shafa wa katakon gida baƙar kwalta don kare shi daga ruwa, kuma a can bangon da ya sha rana alheri ne ga masu gida. Wanda zai yi gini a ƙasarmu dole ya fara da lissafin zafi kafin ya kai ga maganar kyau.

Baƙin bango yana shanye kusan kashi 90 cikin 100 na hasken ranar da ya sauka a kansa, alhali farin fenti yana mayar da kashi 70 zuwa 80. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, bulon siminti yakan riƙe wannan zafin tun daga hantsi, sannan ya riƙa sakin sa cikin ɗaki bayan isha'i, lokacin da iyali ke neman barci. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, ko a tsaunin Mambila da ya fi ta tsayi, matsalar ta ragu ƙwarai. Saboda haka shawarata ta farko ga mai gini a wuri mai zafi ita ce ya bar rufinsa da launi mai haske komai kyan baƙin kwano a ido, domin rufi ne ya fi kowane sashe na gida shan rana, kuma ya guji sanya duhu a bangon yamma sai idan baranda mai faɗi ko inuwar darbejiya ta kare shi.

Fenti shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma shi ne ya fi saurin nuna aibu. Idan aka shafa shi a kan sabon filasta da bai kai kwana 28 yana bushewa ba, gishirin da ke cikin siminti yakan tsattsafo ya yi fararen tabo, abin da ba a cika lura da shi a farin bango ba amma a baƙi tun daga titi ake hangen sa. Haka kuma duk inda magini ya bar ƙulu ko rami a shafensa, hasken la'asar zai fito da shi. Mai saye ya nemi a nuna masa lambar da kamfanoni ke rubutawa LRV a katin launuka, wadda take tafiya daga 0 zuwa 100, kuma ƙanƙantarta na nufin launin ya fi shan haske. Ya kuma tambaya ko akwai fentin da aka haɗa da sinadarin da ke mayar da zafin rana, domin kusan rabin ƙarfin rana yana cikin hasken da ido ba ya gani, kuma irin wannan fenti yana mayar da wani sashe nasa ko da launinsa mai duhu ne. Yana rage zafi, amma ba ya kamo farin fenti. Sannan akwai ƙurar hunturu, wadda ke kwanciya fari fat a jikin baƙin bango, musamman idan fentin mai kaushi ne. A wannan fuska ruwan gawayi ko ruwan ƙasa mai duhu ya fi baƙi ƙirin rufin asiri, kuma ya fi dacewa da jar ƙasarmu.

Dutse da ƙonannen bulo su na fi ba wa ƙarfi ga wanda aljihunsa zai ɗauka, domin launinsu a cikin jikinsu yake, rana ba ta koɗar da shi, kuma ba a sake shafa. Wanda ya yi gini a gindin duwatsun Jos ya lulluɓe bangonsa da dutsen da aka fasa a yankin, to ya gama da maganar dacewa da muhalli, tunda gidan da tsaunin launinsu ɗaya ne a rani da damina. Nauyinsa yana buƙatar a sanar da injiniya tun kafin a haƙa harsashi, kuma a tsaya a kan aikin mai liƙawa, domin falalen dutse da aka manna da siminti kaɗai a bene mai tsawo yana iya ɓallowa idan ruwa ya shiga bayansa. Ko da kuɗi bai kai a lulluɓe gida duka ba, a sa dutse mita ɗaya daga ƙasa, inda ruwan indararo ke fantsama laka.

Ƙarfe mai duhu, na alminiyam ko na tutiya, yana ba da layi miƙaƙƙe irin wanda masu son ginin zamani ke nema, amma yana ɗaukar zafi nan da nan, yana buɗewa da rana yana tsukewa da dare. Amfaninsa yana fitowa ne idan an kafa shi a kan firam aka bar rata tsakaninsa da bulo, da kafar iska a ƙasa da sama, yadda iska mai zafi za ta haura ta fice kafin ta taɓa bangon ɗaki. Akwai kuma ƙarfen Corten, wanda tsatsar da yake yi ita ce take kare shi, sai dai ruwan da ya gangaro daga jikinsa a shekarun farko yana ɓata daɓe da tayil.

Ƙonannen katako, wanda mutanen Japan ke kira yakisugi, ana babbaka fuskarsa ne har ta zama gawayi, kuma kyansa a kusa ba ya misaltuwa. A ƙasar da gara ta yi yawa ban ga hikimar lulluɓe gida duka da shi ba. Ya fi dacewa da ƙofar shiga ko bangon baranda, a ɗaga shi daga ƙasa, a kuma sa masa magani.

Mai ginin ƙasa yana da nasa zaɓin na gargajiya. Maginan Hausa sun daɗe suna yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana ba bango launin ƙasa mai duhu tana kuma tare ruwa, ga kuma laso da ake haɗawa da katsin marina. Kaurin bangon tubali yana jinkirta shigar zafi, abin da siririn bulo mai inci 6 ba zai iya ba. Sharaɗinsa shi ne a riƙa sabunta yaɓen kafin damina ta ci shi, kuma a samu maginin da ya gaji sana'ar.

Kafin a biya kuɗin kaya, a sa mai fenti ko mai dutse ya yi gwaji mai faɗin mita ɗaya a bangon yamma da kuma wani bangon da ke cikin inuwa. A dube shi da safe, da azahar, da kuma bayan la'asar, a ɗora tafin hannu a kansa daga waje sannan a taɓa bayansa daga cikin ɗaki, kuma idan lokacin hunturu ne a bar shi mako biyu ba a wanke ba don a ga yadda yake ɗaukar ƙura.