Lasifikar gaban babur ko ta cikin hular kwano?

Na gwada su duka biyun a kan hanyar Jidda zuwa Madina, tafiyar da ta haura kilomita 400, kuma ta cikin hular kwano ce ta fi gamsar da ni. Lasifikar gaban babur tana da daɗin sauraro a cikin gari, amma da zarar gudu ya wuce kilomita 100 a awa, iskar hamada takan cinye sautin, har karatun Alƙur'ani da nake bi ya koma guntu-guntu, ga kuma damun mutane da take yi idan an tsaya shan mai.

Ta cikin hular kwano kuwa, wadda ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, tana manne ne daf da kunne, saboda haka ina jin kwatancen hanya sarai, ina kuma magana da ƙanina da ke biye da ni ba tare da mun tsaya ba. Aibinta shi ne zafi: kafin mu wuce garin Rabigh da ke kan hanyar, gumi ya jiƙa soson, kunnena na dama ya fara zugi, sai da na gyara mata zama. Dole ne kuma a yi mata caji kowane dare.