Daga Ingila: Idan Wurin Aikin Kwatangwalo Ya Fara Ruwa

Assalamu alaikum Yaya. A gaishe min da Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Ka ce wurin da aka yi mata aiki yana ruwa, kana tambayar yadda ake yi a nan. Ƙarfen da ake sa wa mutane a Ingila bai fi wanda likitocinmu ke sawa a asibitin ƙashi na Dala ba. Bambancin yana wajen magani. A gida da an ga mugunya sai a aika yaro kemis ya sayo Ampiclox. A nan ko nawa za ka biya, ba mai sayar maka sai da takardar likita. Kuma gaskiyarsu: ƙwayoyin cutar na manne wa ƙarfe ne su lulluɓe kansu da wani irin yauƙi da magani ba ya ratsawa. Abin da aka sha a makance sai ya kwantar da su kawai, gwaji kuma ya kasa gano su.

Shi ya sa sukan dakatar da maganin mako 2 in jiki ya yarda, sannan su ɗebi tsoka kamar guda 5 a kai ɗakin gwaji. In abin bai wuce 'yan makonni ba, sai a buɗe a wanke, a bar ƙarfen. In ya daɗe, cirewa ake yi, a sa wani irin simintin ƙashi mai magani a gurbinsa, a yi kamar mako 6 ana shan magani kafin a sa sabo. A 2019 binciken da aka jagoranta daga Okisfod ya nuna ƙwayar magani ta sha na yin aikin da allurar jijiya ke yi, in an san cutar.

Kada ka ɗauka nan aljanna ce. Mazauna ba sa biya a asibitin gwamnati, amma jiran layin aiki kan ci watanni, baƙo kuwa kuɗin da ake cajinsa ya fi na asali da rabi. Maganar kawo ta ma a bar ta.

Ku mayar da ita wurin likitan da ya yi aikin gobe, ku faɗa masa duk maganin da ta sha. Kuɗin gwajin ni zan turo.

Ƙanwarka.