Littafin da ya dace da mai son zama maroƙi a teburin wasa

Cikin watannin nan mutum uku ne suka tare ni da tambaya iri ɗaya a fadarmu ta Bukoki, a nan Yamai, bayan sun zauna sun kalli wasanmu na daren Asabar, wato Dungeons & Dragons. Kowannensu yana so ya shiga, kowannensu kuma matsayin maroƙi yake sha'awa, wato wanda littattafan Faransanci suke kira barde, amma bai san littafin da zai saya ba, bai kuma san hannun da zai saya a ciki ba. Ga wanda bai taɓa gani ba, wasa ne da mutum huɗu ko biyar suke zama, ɗaya yana jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa yana riƙe da gwarzo guda da aka rubuta halayensa a takarda, ana jefa ƴaƴan ludo masu fuskoki da yawa domin a san ko abin da gwarzon ya yi niyya ya yiwu. Ba a sa kuɗi a ciki, kuma ina faɗin haka ne saboda dattawan da suke ganin abin jifa su ɗauka caca ce.

Ma'aunina na farko shi ne ko maroƙin yana cikin littafin ma tukuna. Tambayar tana kama da wasa, amma ita ce ta fara cin kuɗina. Kwalin masu farawa na Dungeons & Dragons da ya fito a 2014 yana da kyau, yana da araha, sai dai gwarazan da aka shirya a cikinsa mayaƙa ne da ɓarawo da mai sihiri da mai addu'a, babu maroƙi ko ɗaya. Haka ma ƙa'idojin kyauta na farko da aka saki a wannan shekarar, rukunin gwaraza huɗun nan ne kawai a ciki. Ni ban tambaya ba, wanda ya sayar mini kuma bai faɗa ba. Wanda ya nace sai kwali, to ya nemi wanda ake kira Essentials Kit na 2019, domin shi yana da maroƙi, ko da yake a mataki na 6 yake tsayawa, cikin matakai 20 da gwarzo yake hawa yana ƙara ƙarfi.

Ma'auni na biyu shi ne wanda ya fi muhimmanci a wurina: shin ƙa'idar wasan ta ba wa magana nauyi, ko kuwa ta ɗauki mai sihiri ne kawai ta rataya masa molo a wuya? Mu da muka tashi muna jin makaɗan kokowa suna kiran taken ɗan kokowa har ya miƙe tsikar jikinsa na tashi, muka kuma ga yadda mai kuɗi yake rawar jiki ya ba da kyauta don gudun zambo, ba ma bukatar a yi mana bayanin cewa baki makami ne. A kan wannan ma'aunin, bugu na 5 na Dungeons & Dragons ya yi wa sauran nisa, kuma ba zan ɓoye cewa shi ne zaɓina ba.

Wasan ya fara fitowa a Amurka a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, amma maroƙinsa ya daɗe yana rakuɓe. A littafin 1978 can ƙarshe aka ajiye shi, kuma sai ɗan wasa ya yi mayaƙi, ya koma ɓarawo, sannan ake yarda ya zama maroƙi, abin da kan ci watanni ana zama. A littafin ƴan wasa na 2014, wanda ake kira Manuel des Joueurs da Faransanci, daga zaman farko kake maroƙi cikakke. Ƙarfinka yana rataye ne a kan kwarjini, kana zaɓar kayan kiɗa uku da fannonin gwaninta uku yadda ka ga dama, kuma kana da abin da mu a teburinmu muke kira kirari: ka yi wa abokin tafiyarka waƙa ko magana, sai ya samu ɗan jifa mai fuska 6 da zai ƙara a kan sakamakonsa lokacin da ya ga abin yana neman kuɓuce masa. Ɗan jifan yana girma tare da kai, ya zama mai fuska 8 a mataki na 5, mai 10 a mataki na 10, mai 12 a mataki na 15. Yawan kirarin da za ka iya yi kafin hutu daidai yake da ƙarin da kwarjininka yake bayarwa, wanda yawanci uku ne ga mai farawa, don haka dole ka iya zaɓen wanda ya cancanci yabo da lokacin da ya cancanta, kamar yadda maroƙi mai hankali ba ya ƙarar da muryarsa a ƙofar matsolo.

A mataki na 3 ake zaɓen makaranta, wato fannin roƙon da za ka bi, kuma a nan ne na fi daɗewa da masu tambayata. Makarantar sani, wato Collège du savoir, ita ce maroƙin da muka sani. Tana ƙara maka fannonin gwaninta uku, sannan ta ba ka damar juya kirarinka ya zama zambo: idan abokin gaba ya kai wa ɗan'uwanka sara, yana cikin tazarar mita 18 kuma yana jin ka, sai ka jefa masa baƙar magana, a rage adadin ɗan jifanka daga sakamakonsa, sau da yawa takobin ya wuce ta gefe. Ka haɗa wannan da ƙaramin sihirin ba'a wanda ba ya ƙarewa, wanda yake raunata abokin gaba kaɗan ya kuma dagula masa harinsa na gaba, za ka ga cewa duk faɗan da bakinka kake yin sa. Ƙa'idar 2014 ta ce ya isa abokin gaban ya ji ka, ba lallai ya fahimci harshenka ba, shi ya sa nake zage dodanni da Hausar Ader babu wanda ya isa ya hana ni. A mataki na 6 kuma wannan makarantar tana barin ka ka ɗauko sihiri biyu daga kowane rukuni, alhali sauran maroƙa sai sun kai mataki na 10. Tunda yawancin teburanmu suna watsewa kafin a kai can, wannan yana komawa Maraɗi, wancan jarrabawa ta riƙe shi, tazarar matakai huɗun nan ba ƙaramin abu ba ce. Dokar teburinmu, wadda ba ta cikin kowane littafi, ita ce sai ka furta zambon da bakinka kafin ka jefa.

Makarantar jarumta tana ba ka garkuwa da sulke a mataki na 3, da sara biyu a mataki na 6, amma wanda yake son haka ya ɗauki mayaƙi ya huta. Makarantar fasahar magana tana cikin wani littafin ƙari na 2020, tana mayar da duk jifan lallashi ko yaudara da bai kai 10 ba ya zama 10, wato ta cire fargabar da take sa wasan daɗi, ga kuma kuɗin littafi na biyu.

Pathfinder bugu na 2, na kamfanin Paizo, shi ne abokin takara na gaske, kuma adalci ne a ce maroƙinsa yana da ƙarfi, ƙa'idojinsa kuma suna nan kyauta a intanet da Turanci. Sai dai babbar waƙarsa ƙarin maki 1 take ba wa kowa, kana maimaita ta a kowane zagaye da ɗaya daga cikin ayyukanka uku, littafin 2019 kuma shafi 640 ne, wanda ya yi wa mai farawa nauyi. Chroniques Oubliées na Faransa ne, yana da sauƙi, amma maroƙinsa bai taɓa sa ni dariya ba. Dungeon World ya fi dacewa da waɗanda suka riga suka ƙware a ba da labari.

Saura batun kuɗi. Farashin littafin ƴan wasa a Amurka kusan dala 50 ne, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba, wato wajen jikka 30 tun kafin a sa kuɗin aikowa da na duwan. Shawarata ita ce kada ka fara da saye. Kamfanin Wizards of the Coast, mai buga Dungeons & Dragons, ya saki kundin ƙa'idojin da ake kira SRD 5.1 kyauta ga kowa a watan Janairu na 2023, ya kuma fitar da fassararsa ta Faransanci, kuma cikin sa'a makarantar maroƙin da ke ciki ita ce makarantar sani. Ka sauke shi, ka kai wurin masu fotokofi a buga maka shafukan maroƙi da na sihirin da ka zaɓa kawai, a ɗinke. Gibinsa shi ne bai koyar da yadda ake gina gwarzo daki-daki ba, kuma asalin rayuwa, wato abin da gwarzo yake yi kafin ya fita yawon jarumta, guda ɗaya ne a cikinsa, don haka za ka bukaci wanda ya iya ya zauna da kai sau ɗaya. In ka yi wata biyu kana wasa sha'awar ba ta gushe ba, sannan ka nemi cikakken littafin ta hannun ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya.

Kafin ka aika saƙon, ka tambayi mai jan labarinku bugun da yake amfani da shi, domin akwai na 2014 mai shafi 320 da hoton ƙaton mayaƙin wuta a bangonsa, akwai kuma gyararren na 2024 mai shafi 384 da macijin zinariya mai fukafukai. A sabon, kirari yana daɗewa awa guda maimakon minti 10, sihirin ba'a ya ƙara zafi, makarantu sun zama huɗu har da ta rawa, an kuma cire waƙar hutu da take ƙara wa ƴan tafiya lafiya. Dukansu suna da kyau, amma haɗa su a tebur guda gardama yake haifarwa, ni kuwa har yanzu na 2014 nake riƙe da shi.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Shekara biyu da suka wuce na yi cinikin biri a sama da wani mai talla a intanet, wanda ya nuna mini hoton littafi sabo fil a rabin farashi, ya ce sai na tura kuɗi tukuna. Abin da ya iso bayan mako biyar littafin jabu ne. Bangon yana sheƙi kamar na gaske, amma hotunan ciki sun yi duhu, rubutun gefen shafi an yanke shi, takardar kuma siririya ce har ana hango bayan shafi. Da zafin watan Afrilu ya sauka, gam ɗin ya saki, shafuka suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Mafi muni, da muka zo tsakiyar wasa ina neman bayanin wani sihiri, sai na tarar shafi goma sha shida na babin sihiri babu su, an maimaita waɗanda suka gabace su a gurbinsu. Da na kira lambar, an riga an rufe ta.

Tun daga ranar nake gaya wa kowa ya riƙe littafin a hannu kafin ya biya. Ka buɗe babin maroƙi ka tabbatar jadawalin matakai ya kai 20, ka bi lambobin shafukan babin sihiri da yatsa, ka ɗaga shafi guda ga haske, ka duba ko launin hotuna ya fito sarai, ka kuma buɗe tsakiyar littafin sosai ka ga ko yana neman ɓarewa. Idan daga nesa ne, ka ce a ɗauko maka bidiyon shafin da kai ka zaɓi lambarsa a lokacin, domin hoton bango kowa yana iya kwafowa. Duk wanda ya ce maka sabo ne a rabin kuɗi, to ka tuna araha ba ta ado. Akwai kuma masu tura fayil ta WhatsApp suna karɓar jikka biyu ko uku, suna cewa cikakken littafi ne. Na ga irinsa sau biyu, kuma duka biyun kundin nan na kyauta ne aka liƙa masa bangon littafin ƴan wasa. Gane shi ba wuya: ka nemi makarantar jarumta a ciki, idan babu ita, abin da ake rabawa kyauta aka sayar maka. Wasu kuma tsohon bugu na 3 ko na 4 suke miƙa wa mai farawa, alhali maroƙi ba ya ma cikin littafin ƴan wasa na farko na bugu na 4, sai a na biyu da ya fito a 2009.

Ƴaƴan jifa ma ba su tsira ba. Cikakken saiti guda bakwai ne, masu fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20, da wani mai fuska 10 na biyu da ake ƙirga ɗari da shi. Maroƙi ya fi kowa bukatar saiti biyu, tunda yana miƙa wa abokansa ɗan jifan kirari su riƙe, kuma yana da kyau ya zama mai launi dabam domin kada a manta da shi a gaban mutum. A kan mai fuska 20 na ƙwarai, lambobin fuskoki biyu masu kallon juna ta baya suna haɗuwa su ba da 21. Idan ka ga lambobin suna bin juna a jere, 20 kusa da 19 kusa da 18, wannan na ƙirga maki ne a wani wasan kati, teburi da yawa ba sa karɓarsa. Na roba masu araha kan zo da kumfar iska a ciki, wadda take sa su karkata gefe guda. Ka narkar da gishiri mai yawa a kofin ruwa har ɗan jifan ya taso sama, ka juya shi da yatsa sau goma, idan fuska ɗaya ce take dawowa sama kullum, ka mayar wa mai shi tun bai tashi daga rumfarsa ba.