WordPress a ƙaramar makaranta: gwani ne a sanarwa, amma kada a ba shi ajiyar sakamakon yara

Ƙananan makarantu masu zaman kansu, na boko da na Islamiyya, kusan hanya ɗaya suke bi wajen shigar da kwamfuta cikin aikinsu. Ana farawa da kwamfuta guda a ofishin shugaban makaranta, a buga tambayoyin jarrabawa da Word, a tara maki a Excel. Daga nan sai shafin Facebook, sai zauren WhatsApp na iyaye. Idan aka gaji da amsa tambaya ɗaya sau hamsin, yaushe za a koma hutu, nawa ne kuɗin fom, sai a ce a buɗe wa makaranta shafinta na intanet. Wanda aka kira ya yi aikin kuwa, galibi WordPress zai kawo, wato manhajar gina shafukan intanet.

Manhajar ta daɗe, tun 2003 Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da ita, kuma kyauta ce. Akwai WordPress.com, inda kamfani ke riƙe maka komai, akwai kuma wadda ake ɗorawa a masaukin da makaranta ta kama haya, wato wurin ajiye shafi a kwamfutar wani kamfani da ke kan intanet. Ta biyun ake magana a kai a nan. Abu biyu ake biya duk shekara: adireshin shafin da masaukinsa. Ɗora manhajar kanta ba ta kai minti goma ba idan masaukin yana da cPanel, allon sarrafa masauki, da Softaculous, mai ɗora manhaja da 'yan danne-danne. Ƙaramin masauki na haɗaka ya wadatar wa makaranta mai ɗalibai ɗari biyu ko uku, muddin yana ba da takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta. Ita wannan takarda kwana 90 take yi, kuma ya kamata ta riƙa sabunta kanta. Idan babu ita, Chrome zai rubuta wa iyaye cewa shafin ba shi da tsaro, abin da ya fara yi wa duk irin waɗannan shafuka tun Yulin 2018.

Tun a wajen adireshi ake tafka kuskuren da ya fi kashe shafukan makarantu. A Najeriya hukumar NiRA ce ke kula da adireshin .ng, kuma an ware .sch.ng domin makarantu irin waɗannan, .edu.ng kuma na manyan makarantu ne. Ko wanne aka zaɓa, a yi rajistarsa da sunan makaranta da imel na makaranta. Abin da ke faruwa shi ne malamin kwamfuta ya yi rajista da imel ɗinsa don sauƙi, bayan wata takwas ya samu wani aiki ya tafi. Saƙon tunin biyan kuɗin shekara shi yake je wa, ba wanda ya sani, sai wata safiya shafi ya ƙi buɗewa. Makullai uku ne, wato sunan shiga da kalmar sirri: na kamfanin da aka yi rajistar adireshi, na cPanel, da na babban mai kula da WordPress. A rubuta su a littafi, a kulle a durowar mai makaranta, tare da ranar da kowane biya zai ƙare.

Inda WordPress ya yi fice shi ne sauƙin rubutu. Tun sigar 5.0 ta Disamban 2018 ana jera rubutu da hoto tubali-tubali, sakataren da ya iya Word zai koya a yini ɗaya. Shafuka biyar sun isa: tarihin makaranta, yadda ake ɗaukar ɗalibai, kuɗin makaranta, jadawalin zango, da lambar waya da kwatance. Sauran duk sanarwa ce, tana jeruwa da kanta, sabuwa a sama. Rabon matsayi ma abin yabo ne. Mutum ɗaya ko biyu kawai za a ba matsayin Administrator. Sakatare a ba shi Editor, ya rubuta ya gyara amma ba zai iya taɓa injin shafin ba. Malamin aji a ba shi Contributor, ya rubuta labarin gasar karatu, sai an duba kafin ya fita.

Hotuna su ne ke danne shafi. Hoton da aka ɗauka da wayar zamani yakan kai megabait 3 zuwa 5. A zuba guda talatin na bikin saukar karatu a shafi ɗaya, uwar da ke buɗewa da ƙaramar waya da datar naira kaɗan za ta haƙura kafin na uku ya bayyana. WordPress yana yanka ƙananan kwafi da kansa, amma ba kowace rigar shafi, wato tsarin da ke ba shafin kamanninsa, ke amfani da su daidai ba, kuma asalin hoton yana nan yana cin wuri a masauki. Kafin a ɗora, a rage faɗinsa zuwa fiksel 1200, nauyinsa ya sauko wajen kilobait 200. Tun sigar 5.8 yana karɓar hoto nau'in WebP, wanda ya fi JPEG sauƙin nauyi. Bidiyo kuma a ɗora shi a YouTube, a liƙa adireshinsa kawai.

Akwai wani ƙaramin abu da masu gina shafi kan manta. Manhajar tana ajiye ɓ da ɗ da ƙ lafiya lau, haka ma rubutun Larabci daga dama zuwa hagu. Matsalar tana ga salon haruffan da rigar shafin ta zo da shi. Da yawa ba su da haruffa masu lanƙwasa, sai ka ga kalmar "ɗalibai" harafinta na farko ya fita daban, siriri ko karkatacce, a tsakiyar babban take. A gwada da jimla mai ɗauke da dukkansu kafin a amince da riga. Salon haruffa na Noto Sans yana da su duka.

Raunin WordPress yana cikin 'yan manhajojin da ake jona masa da kuma rigunan. Shi kansa yana sabunta ƙananan gyare-gyaren tsaro da kansa tun sigar 3.7 ta 2013, kuma daga 5.5 ta 2020 ana iya kunna wa abubuwan da aka jona su ma su riƙa yin haka. Sai dai ba a kunne suke zuwa ba, sai an shiga an danna wa kowanne. Mafi muni ita ce rigar kuɗi da aka sauko da ita kyauta daga shafukan sata. Sau da yawa an cusa mata ƙofar baya da masu kutse ke shiga ta cikinta, bayan 'yan watanni sai a nemi sunan makaranta a Google a ga tallan caca ko na magani a ƙarƙashinsa. Ga makarantar da sunanta shi ne jarinta, wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne. Rigar da ta zo da manhajar kyauta ta isa. Abin jonawa kada ya wuce biyar ko shida: UpdraftPlus don kwafin ajiya, Wordfence ko makamancinsa don tare masu gwada kalmar sirri, ɗaya na fom, ɗaya na saurin buɗewa, da WP Mail SMTP. Na ƙarshen yana da muhimmanci, domin ba tare da shi ba saƙon da iyaye suka cike a fom yakan faɗa kwandon shara na imel, makaranta ta zaci ba wanda ya nema.

Sai maganar sakamako, wadda a nan ne ya kamata a ja birki. Da zarar shafi ya zauna, sai a ce a riƙa ɗora sakamakon zango a kai. Hanyar da aka saba ita ce a mayar da takardar Excel ta aji guda zuwa PDF, a ɗora, a sa wa shafin kalmar sirri. Kalmar sirrin nan shafin kawai take rufewa. Fayil ɗin kansa yana zaune a jakar wp-content/uploads, ƙarƙashin shekara da wata, kuma duk wanda ya samu adireshinsa zai buɗe shi ba tare da an tambaye shi komai ba. Uba ɗaya ya tura adireshin a WhatsApp, shi ke nan sunayen yara arba'in da makinsu, wani lokaci har da ranar haihuwa da lambar wayar gida, sun shiga duniya. Google ma yana iya tsintar fayil ɗin ya jera shi. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce, in ban da wasu yanayi da ta keɓe, sai da yardar uwa ko uba ko mai riƙo ake sarrafa bayanan yaro, wannan kuma ya shafi hotunan fuskokinsu da ake ɗorawa. A sa layin neman izini a fom ɗin shiga makaranta, kuma kada a haɗa hoton yaro da cikakken sunansa.

Makarantar da take son iyaye su duba sakamako ta waya ta nemi manhajar da aka gina domin wannan aikin, inda kowane ɗalibi ke da lambarsa, ba ya ganin na kowa sai nasa, sai a sa maɓalli a shafin WordPress da zai kai can. Kuɗin makaranta ma haka: a bar Paystack ko Flutterwave ko Remita su karɓa a nasu shafin, kada lambar katin kowa ta bi ta masaukin makaranta. Idan ba a kai wannan matsayi ba, takardar sakamako a hannu ranar hutu ta fi aminci.

Ita kuma kwamfutar ofis da aka faro da ita tana nan, kuma a cikinta ainihin bayanan suke. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 7 kuwa tun Janairun 2020, amma har yanzu ana samun su a ofisoshi, ana shiga shafin makaranta da su. A sa mata UPS saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana lalata fayil, a daina cusa mata kowane filashi da aka kawo daga shagon buga takardu. A saita UpdraftPlus ya riƙa tura kwafin shafin zuwa Google Drive na makaranta duk mako, ya ajiye huɗu na baya, domin kwafin da ke zaune a masauki ɗaya da shafin tare suke tafiya ranar da masaukin ya samu matsala. Sau ɗaya a kowane zango, a lokacin hutu, a ɗauki kwafi guda a gwada dawo da shi a wani adireshi na gwaji, a buɗe shafuka biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya a tabbatar hotuna da rubutu sun dawo.