Nopal, Ganye Mai Ƙaya da Na Raina a Meksiko

Watana uku da sauka birnin Meksiko, dattijuwar da nake haya a gidanta ta aiko mini da kwano cike da wani koren abu da aka yayyanka siri-siri, an haɗa shi da tumatir da albasa da farin cuku. Da na tambayi jikanta ko mene ne, sai ya ja ni tsakar gida ya nuna mini wani tsiro mai faffaɗan ganye kamar tafin hannu, jikinsa duk ƙaya. Nan take na tuna da ƙerana, wadda tun muna yara ake ja mana kunne cewa farin ruwanta yana makantar da mutum. Na mayar da kwanon ban ko ɗanɗana ba, har da yi wa yaron nasiha.

Washegari dattijuwar ta tare ni a bakin ƙofa ta miƙo mini tsabar peso, ta ɗora yatsa a kan tambarin ƙasar: mikiya da maciji a bakinta, tana tsaye a kan wannan tsiro da na kira guba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Nopal suke kiransa, sunan ya samo asali daga Nahuatl, harshen mutanen Aztek da suka mulki yankin kafin zuwan Turawa, kuma tarihinsu ya ce wannan alama suka gani kafin su kafa birnin Tenochtitlan, inda birnin Meksiko yake a yau, a 1325. Ba shi da dangantaka da ƙerana ko tinya, don haka kada wani ya karanta wannan ya nufi shingen gona da wuƙa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake sayar da shi. A kasuwar La Merced za ka tarar da mata zaune, kowace da ƙaramar wuƙa, tana kankare ƙayar tana datse gefen ganyen cikin ƙiftawar ido, ta tambaye ka ko gudansa kake so ko yankakke. Yawancinsa daga yankin Milpa Alta na kudancin birnin da jihar Morelos yake zuwa, kuma wanda ka gani a saman tsibi shi ne a ƙasa, ba irin kwandon kuɓewarmu da ake lulluɓe tsofaffi da 'yan matasa ba. Sau ɗaya na yi wayon sayen wanda ba a kankare ba don rangwame, sai ƙananan ƙayoyi masu kama da gashi suka cika mini yatsu, na yi kwana biyu ina tsince su da hantsaki.

Kusan dukkan ganyen ruwa ne. A giram 100 na ɗanyensa ba a samun fiye da kalori 16, amma yana da harza mai taimaka wa hanji, da sinadaran kalsiyam da magniziyam da bitamin C, ko da yake wani kaso na kalsiyam ɗin a ɗaure yake, jiki ba ya iya tsotse shi duka. Masu ciwon sukari a nan sun riƙe shi hannu bibbiyu, suna markaɗa shi da abarba da lemu su sha da safe, domin yauƙinsa yana rage saurin shigar sukari cikin jini bayan cin abinci. Sai dai wannan ba dalilin ajiye maganin likita ba ne. Ana gasa shi a kan tanda mai faɗi, ana soya shi da ƙwai, ana naɗe shi a cikin waina ta masara. Musulmi dai sai ya riƙa tambaya, saboda wasu da kitsen alade suke suya.

Takaicina da su ɗaya ne, wato yadda suke gaba da yauƙi. Sai su tafasa nopal da gishiri da albasa, su tsiyaye, su ɗauraye, har sai yauƙin da suke kira baba ya tafi. Ni da na tashi da kuɓewa da karkashi da lalo, ganin ana zubar da wannan ni'ima a magudana yana ƙona mini rai. Amma mu ma da namu laifin. Tsiron nan da dare yake buɗe ƙofofin numfashinsa don kada rana ta ƙafar masa da ruwa, shi ya sa yake jure fari. A Tigray ta Habasha suna cin 'ya'yansa da suke kira beles, a arewa maso gabashin Barazil shi ne abincin shanu da rani. Mu kuwa duk shekara dabbobinmu suna ramewa kafin damina, kuma na san halinmu: zogale ma bare muka jira suka zuba shi a kwalba kafin mu daina kiransa abincin talaka.

Ranar Juma'ar da ta wuce na yanka nopal ƙanana-ƙanana, na dafa shi da barkono da busasshen kifi ba tare da na tsiyaye ba, na tuƙa tuwo da garin masararsu. Yana da ɗan tsami kamar an ɗiga yakuwa, kuma rashin daddawa ya fito fili har ya sa ni kewar gida. Na kai wa dattijuwar kwano guda. Ta ɗaga cokali, ta ga yauƙin ya biyo shi bai tsinke ba, ta dube ni irin kallon da na yi wa jikanta, ta ajiye.